Filin Tambayoyinku: Ina Yaro Zai Kwana Idan An Yi Tafiya?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga tafiya, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ƙarshen shekara ya gabato, lokacin da mutanenmu mazauna Legas ke haramar zuwa gida biki ko gaida iyaye. Na zaɓi guda uku da suka haɗu a kan abu ɗaya, wato makwancin yaron da ya wuce jarirantaka amma bai kai hankali ba, idan aka raba shi da ɗakin da ya saba. Kamar kullum, na taƙaita wasiƙun, na kuma sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni mazauniyar Agege ce, ina da ɗa namiji mai shekara ɗaya da wata tara. A watan Disamba za mu je Kano bikin ƙanwar maigidana, za mu yi mako biyu a gidan surukata, gidan da na san zai cika maƙil da 'yan biki. A nan Legas yaron yana kwana a ɗan gadonsa mai shinge kusa da namu, kuma tun da aka haife shi bai taɓa kwana a wani gida ba. Na ga irin gadon yaran nan da ake naɗewa a kasuwar Balogun, ina so in saya, amma maigida ya ce asarar kuɗi ce da ƙarin kaya. Hajiya surukata kuma ta aiko cewa da mun sauka za ta karɓi yaron ya riƙa kwana a ɗakinta, a yaye shi gaba ɗaya. Sannan maƙwabciyata ta ba ni shawarar in ba shi maganin mura mai sa barci a daren da za mu hau bas, don kada ya dami mutane. Ina neman shawararki. Daga wata uwa a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zan fara da maganar maƙwabciyarki, domin a cikin abubuwa ukun da kika kawo ita kaɗai ce ba ta da sassauci: kada ki ba shi. Magungunan mura da na ƙaiƙayi da iyaye ke ɗura wa yara don su yi barci, irin su Phenergan da Piriton, ba don barci aka yi su ba. Na farkon ma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani kada a ba yaron da bai cika shekara 2 ba, saboda yana iya danne numfashi har ya tsaya, ɗanki kuwa bai cika ba. Wani abin da masu ba da wannan shawara ba su faɗa shi ne, a jikin wasu yaran maganin kan yi akasin abin da ake so, yaro ya ƙi barci, ya yi ta zillo da kuka har gari ya waye. Idan kuma wani ya miƙo miki kwalbar maganin tari mai kodin, ki tuna cewa tun shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Ki auna halin da za ki kasance a ciki: tsakar dare, an kashe fitilun cikin bas, kuna wani dogon daji tsakanin Mokwa da Tegina, yaro ya yi luƙus a cinyarki, ba ki da hanyar bambance barci mai nauyi da numfashin da ke shirin ɗaukewa, kuma babu asibiti kusa. Kukan yaro a mota abin haƙuri ne, duk wanda ya haifa ya san da haka.

Tafiyar kanta kimanin kilomita 1,000 ce, kuma da halin da hanyoyin suke ciki takan ci yini da dare. Idan da hali, ku biya wa yaron kujerarsa, ko don ki sami inda za ki miƙar da shi ki huta da hannu. Idan babu, zai yi barci a jikinki, kuma hakan ba laifi, amma fuskarsa ta kasance a buɗe. Na sha ganin uwa ta lulluɓe yaro ruf da hijabinta don sanyin mota ko don hasken fitila, ita ma barci ya kwashe ta. Gara ki sa masa hula da safa da rigar sanyi, ki bar hanci da baki a waje. Kada kuma ki yarda a shimfiɗa shi a kan kayan da aka jibge a tsakiyar mota, domin birki ɗaya ya isa ya wurga shi. In Allah ya hore muku kuɗin jirgi, daga Ikeja zuwa Kano wajen awa ɗaya da rabi ne, kuma yaron da bai kai shekara 2 ba a cinyar uwarsa yake zama, sai dai na san ba kowa ke da wannan hali ba, balle a Disamba da kuɗin tikiti ke tashi.

Batun gado mai naɗewa kuwa, a wannan karon ina bayan maigidanki, ko da yake dalilina ya ɗan bambanta da nasa. Masu ƙera irin waɗannan gadaje kan rubuta iyakarsu a jiki, yawanci nauyin kilo 15 ko tsawon santimita 89, ko kuma ranar da yaro ya iya hawa shingen, duk wanda ya riga zuwa. Yaro namiji mai wata 21 yakan kai kilo 11 zuwa 12, tsawonsa kuma kusan santimita 85, saboda haka 'yan watanni kaɗan suka rage masa ya fi ƙarfin gadon. Wanda ya iya ɗora ƙafa a kan shinge kuwa, faɗowarsa daga can ta fi ta wanda ya mirgino daga katifa muni. Idan kuna sa ran ƙani nan kusa, kuma tafiya ta zame muku jiki, to sayen yana da amfani. A nan sai ki duba maƙullan gefensa suna kamawa da kyau, ragar ba ta yage ba, musamman idan na gwanjo ne, kuma ki yi amfani da siririyar katifar da ya zo da ita. Mutane kan ji ta yi tauri su ƙara soso mai kauri a kai, alhali tazarar da ke buɗewa tsakanin soson da raga ita ce inda yaro ke maƙalewa. Ki kuma kafa shi a gida ya kwana a ciki na mako guda kafin ku tashi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da na fi so ki yi shi ne abin da iyayenmu suka yi da mu: tabarma a ƙasa, katifa mai ɗan tauri a kanta, ke da shi. Wanda ke ƙasa ba ya faɗowa. Wannan darasi da kaina na biya kuɗinsa. Shekaru da yawa da suka wuce na kai 'yata ta fari gida tana 'yar shekara biyu, aka sauke mu a ɗakin mahaifiyata mai dogon gadon ƙarfe da katifa biyu a kai. Na jera matasan kai a bakin gadon na ce sun zama katanga, na fita tsakar gida hira. Ba a yi rabin awa ba muka ji ƙarar faɗuwa da ta kwano, muka tarar da ita a ƙasa ita da matashi ɗaya, leɓenta ya fashe a gefen wata kwalla da ke leƙowa daga ƙarƙashin gadon. Allah ya taƙaita, amma tun daga ranar ban sake yarda da katangar matashi ba, domin yaro mai wannan shekaru juyi yake kamar hannun agogo, inda ka ajiye kansa da dare nan za ka tarar da ƙafarsa da asuba.

Kwanansa tare da ke a kan katifa ɗaya ba abin tsoro ba ne a shekarunsa. Tsauraran ƙa'idojin da likitocin yara ke nanatawa, cewa a kwantar da yaro rigingine, shi kaɗai, ba matashi ba bargo, sun fi shafar jaririn da bai cika wata 12 ba. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne gidan biki. Kada a jefa shi cikin jerin yara manya ko tsakanin matan da suka yini suna aikin tuwo suka kwanta kamar matattu, kada kuma a bar shi ya kwana a kan kujerar kushin. Ki nemi lungun da ya fi nisa da ƙofa, inda mai fita alwala cikin duhu ba za ta taka shi ba. Katifar kuma ko dai ta manne da bango sosai, ko ta yi nesa da shi, kada a bar ɗan ramin da zai iya zurmawa ciki.

Ranar da kuka sauka, kafin ki kwance kaya, ki durƙusa a tsakiyar ɗakin ki dube shi daga tsawon ɗanki. Daga nan ne za ki hango abin da mai tsaye ba ya gani: wayar wuta da aka jona wa wayoyin hannu biyar, fulas ɗin ruwan zafi a gefen katifa, akwatunan amarya da aka ɗora kan juna, da kuma wanda ya fi ba ni tsoro, jakunkunan hannu na tsofaffi. A cikin kusan kowace akwai ƙwayoyin hawan jini ko na ciwon suga a leda, masu launi kamar alewa, kuma ɗaya ko biyu sun isa su kai ƙaramin yaro asibiti. Yaron da ya farka da asuba kafin kowa, ba abin da ya fi ja masa hankali kamar zik ɗin jaka. Ki roƙi gwaggwanni cikin ladabi su rataye su sama.

Sai sanyi. Ɗanki ɗan Legas ne, inda dare ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 23 ko 24 ba, Kano kuwa a tsakiyar hunturu takan sauko kusan digiri 13 da asubahi, ga ƙura, ga bushewar iska. Ki dogara ga tufafin jikinsa, wato dogon wando da riga mai dogon hannu da safa, fiye da bargon da zai yi fatali da shi cikin minti goma. Ki shafe shi da man kaɗe ko basilin, har da leɓe da bakin hanci. Idan aka shigo da kaskon garwashi don ɗumama ɗaki, a fitar da shi kafin a rufe ƙofa a kwanta, domin gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana cikin barcinsa. Idan kin ji nauyin faɗa wa manya, ki kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a cikin gida idan za a yi barci. Haka ma turaren wuta, wanda gidan biki ba ya rabo da shi: a turara da wuri, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin a shigo da yaro. Gidan sauro kuma ki taho da naki, da igiya da 'yan ƙusoshi, kada ki ce ai sanyi ya kore su. Sun ragu ne kawai, kuma a gidan biki ba za ki sami na aro ba.

Duk wannan tsaron lafiya ne. Abin da zai sa ya yi barcin kuwa shi ne sabo. Yaro mai wannan shekaru bai san Agege ba bai san Kano ba, abin da ya sani shi ne jerin abubuwan da ke faruwa kafin ya rufe ido, da ƙamshin abin da yake kwanciya a kai. Don haka ki saka zanin goyonsa da zanin gadonsa a jaka, kuma kada ki wanke su daren tafiya. Ki ɗauko kofin da yake shan kunu da shi, da duk wani ɗan abin wasan da yake runguma. Idan a gida wanka kike fara yi masa, sannan kunu, sannan ki karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa masa, sannan ki ɗan jijjiga shi, to ki bi wannan jeri a can ba tare da kin sauya ba, kuma a kusan lokacin da ya saba. Wannan kaya ne da ba ya cin wuri a mota, kuma a ganina ya fi gadon Balogun aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, har da na rana. Biki kuwa babban maƙiyin barcin rana ne, ga kamu, ga yini, ga kai amarya, kowa na son ɗaukar ɗan Legas. Iyaye da yawa kan ɗauka cewa idan yaro ya yini bai runtsa ba zai yi barci mai nauyi da dare, amma abin da ke faruwa shi ne gajiyar ta wuce masa iyaka ya koma rigima, ya kuma riƙa farkawa. Ko a bayanki ne, ki tabbata ya sami barcin bayan azahar. Sannan ki sa a ranki cewa daren farko da na biyu zai farka ya dudduba ya yi kuka saboda baƙunta, ki rarrashe shi da murya ƙasa ƙasa, kada ki kunna fitila mai haske ko ki miƙa masa waya. A abin da na gani, yawancin yara kan saki jiki bayan 'yan kwanaki.

Na bar maganar Hajiya surukarki a ƙarshe saboda ita ce mai buƙatar dabara. Kai yaro yaye wurin kaka al'adarmu ce, kuma tayin da ta yi ƙauna ce, ki karɓe shi a haka. Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Yaron da aka raba da ɗakinsa, aka kai shi garin sanyi cikin baƙin fuskoki a daidai shekarun ƙiwa, idan aka ƙara raba shi da nono da kuma jikin uwarsa a dare ɗaya, an haɗa masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma yawanci a nan ne yaro ke ƙin abinci ya rame. Ban da haka, Hajiya ita ce uwar amarya, wato wadda ta fi kowa rashin lokacin kanta a wannan mako biyun, ba ta da daren da za ta ɓata wurin rarrashi. Ga shi kuma wata uku kacal suka rage ya cika shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara ga mai son cika shayarwa. Wannan magana ba daga bakinki ya kamata ta fito ba. Ki sa maigida ya kira mahaifiyarsa tun yanzu, ya ce mata hidimar biki ta yi mata yawa, a bari a gama sannan a sa ranar yaye. A can kuma ki riƙa kai mata shi ya yi barcin rana a ɗakinta, ya ci abinci daga hannunta, ta yadda in ranar yayen ta zo ba baƙuwa za a kai shi wurinta ba. Idan kun dawo Agege, ki mayar da shi gadonsa tun daren farko, ko da zai yi ɗan bore.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni tela ne a Idi-Araba, ina zaune da matata da yara uku a ɗaki da falo, a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna. Ƙanwata za ta zo daga Sakkwato ganin likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, za ta yi kamar kwana goma tare da 'yarta mai shekara biyu da rabi. Damuwata ita ce zafi da sauro. Idan an ɗauke wuta maƙwabta kan tayar da janareta a barandar da ke tsakanin ɗakunan, ni kuma nakan kunna maganin sauro, wani lokacin in yayyafa Sniper. Yaya zan shirya musu wurin kwana?

AMSA: Malam, Allah ya saka da alherin zumunci, ya kuma ba ƙanwarka lafiya. Ka ambaci zafi da sauro, amma ni janaretan nan ne ya fi tsaya mini a rai, kuma ba don baƙuwar kaɗai ba, har da naka yaran. Doguwar barandar da ke tsakanin ɗakuna, mai rufi a sama, hukuncinta hukuncin cikin ɗaki ne. Hayaƙin janareta yana ɗauke da kabon monoksaid, irin gubar da na ambata a kan garwashi, tana bi ta ƙarƙashin ƙofa, kuma ƙaramin yaro da ke numfashi da sauri ya fi babba saurin kamuwa. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba jaridu sun kawo labarin iyalin da aka wayi gari an tarar da su duka babu rai ta wannan hanya. Masana suna cewa a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Na san a gidan haya na Legas wannan magana ta fi sauƙin faɗa, amma ka tara maƙwabta da mai kula da gidan ku samar masa wuri a waje, ko aƙalla ku yi yarjejeniyar kashe shi kafin a kwanta. Idan aka taɓa farkawa mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suna ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ko yaro ya yi laushi ya ƙi farkawa sosai, a fita da kowa waje nan take a nufi asibiti. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767.

Sniper kuwa ka daina shi ɗungurungum. Maganin ƙwarin gona ne, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan shaguna. Yarinyar da za ta kwana a ƙasa, tana taɓa daɓe tana kai hannu baki, ita ce za ta fi kowa shan sa. Haka nan irin wanda ake haɗawa a zuba a kwalabe marasa suna ana talla a bakin titi, wanda yara kan ɗauka abin sha ne. Maganin sauro na kunnawa shi ma hayaƙi ne a ɗakin da iska ba ta ratsa shi sosai, kuma garwashin bakinsa yana ƙona yatsa yana kama zani. Ka sayi gidan sauro mai magani, idan sabo ne ka shanya shi a inuwa na awa 24 kafin a shiga, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a kuma ɗaure ragowar igiyoyinsa sama inda hannunta ba zai kai ba. Ba ƙaramin abu nake faɗa maka ba, domin Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yawancin waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. In ta yi zazzaɓi a nan, ko bayan sun koma, a gwada jininta a ranar.

Game da rabon wuri, ka ba ƙanwarka da 'yarta katifa ɗaya a ƙasa, a gefen da taga take, kada ka ce yarinya ta bi sahun 'yan'uwanta tun daren farko, ko da kuwa da rana sun shaƙu. Zafin Sakkwato busasshe ne, na Legas kuwa mai gumi ne, shi ya sa baƙin yara kan feso da ƙurajen zafi a wuya da baya. Wankan dare da 'yar shimin auduga sun wadatar, da fanka mai caji in kana da ita, a ajiye ta inda yatsa ba zai shiga ba. Ledar kare katifa a sa ta ƙarƙashin zani, kada fatarta ta taɓa ta. Kuma ku yi tsammanin fitsarin kwance ko da ta daina a gida, domin baƙon wuri da rashin lafiyar uwa kan mayar da yaro baya, kada a yi mata faɗa, kada kuma yaranka su yi mata waƙa. A wanke mata hannu da baki kafin ta kwanta saboda ɓeraye da kyankyasai. Bokitai da durom ɗin da kuke tara ruwa a rufe su, ko a fitar da su daga ɗakin kwana, domin yaro mai wannan shekaru kansa ya fi jikinsa rinjaye, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ba a jin ƙara. Tun da ranakun asibiti uwar za ta riƙa sammako, ka sa maiɗakinka ta fara jan yarinyar a jiki tun ranar da suka sauka, ta goya ta, ta ba ta abinci, don ranar da ta farka ba ta ga uwarta ba ta ga fuskar da ta sani.

TAMBAYA: Hajiya, ni da matata za mu hau jirgin ƙasa zuwa Ibadan mu yi kwana biyu a otal tare da ɗanmu mai shekara biyu da wata uku. Shin otal na ba da gadon yara, ko mu kwana da shi a gado ɗaya? Daga wani ma'aikaci a Obalende.

AMSA: Malam, manyan otal kan ba da gadon yara idan an nema tun wuri, matsakaita kuwa da wuya, saboda haka ka kira kafin ku tashi. A shekarun ɗanka ma ƙarin katifa da za a shimfiɗa a ƙasa ta fi muku amfani, kuma ita ce za su fi saurin samar muku. Gadajen otal dogaye ne, ƙasan kuma tayil ne. Idan dole ku kwana gado ɗaya, ku sa shi a tsakiya, ku rage tulin matasan kai da ƙaton bargon nan, kuma kada ku bar shi a kai shi kaɗai ko da yana barci. Ka nemi ɗaki a hawa na ƙasa, ko ka tabbata ƙofar baranda tana kulluwa. Ku ɗage butar lantarki da kofunan gilashi sama, ku naɗe igiyar labule, ku rufe ƙofar banɗaki, na'urar sanyaya ɗaki kuma a bar ta wajen digiri 24 ko 25, kada iskar ta riƙa dukansa kai tsaye. Abincin dare kuwa a kawo muku ɗaki, ko ɗayanku ya sauka ɗaya ya zauna, domin yaron da ya kai wannan shekaru ya iya murɗa hannun ƙofa. Jirgin da ke tashi daga tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta zuwa Moniya a Ibadan, wanda aka ƙaddamar a 2021, yana ɗaukar wajen awa biyu da rabi, kuma akwai sanyi a cikin taragon, don haka maiɗakinka ta riƙe zanin goyonsa a hannu, kada ta sa shi cikin akwati.